Murya ɗaya, kunne biyu: nazarin lamarin R. Kelly da masu sauraronsa

Ranar 31 ga Agustan 1994 aka ɗaura wani aure a ɗakin otal a gefen birnin Shikago na Amurka. Ango shi ne Robert Sylvester Kelly, mawaƙin da duniya ta fi sani da R. Kelly, yana da shekara 27. Amarya kuwa Aaliyah ce, yarinyar da muryarta ta fara cika gidajen rediyo a wannan shekarar. Takardar auren ta ce shekarunta 18. Ƙarya ce, 15 gare ta. Wata uku kafin ranar, kundin waƙoƙinta na farko ya shiga kasuwa. Kelly ne ya tsara kiɗan, shi ya rubuta kusan dukkan baitocin, sunan kundin kuma "Age Ain't Nothing but a Number", wato shekaru ba komai ba ne illa lissafi. Wanda duk ya riƙe kwalin faifan zai ga yarinyar a gaba, sannan can baya, dishi-dishi, ga wani namiji a jikin bango. Shi ne.

Maganar ba ta ɓuya ba. Mujallar Vibe ta buga hoton takardar, kowa ya gani, aka kuma raba auren a Fabrairun 1995. Duk da haka sai da aka kwashe kusan shekara 25 kafin yawancin masu sauraro su ji waƙoƙin mutumin nan sun yi musu ɗaci a kunne. Wannan tazarar ce ta ja ni zuwa ga lamarin. Da a ce sanin halin mawaƙi shi kaɗai ke sauya yadda ake jin waƙarsa, da tun 1995 an gama. Ba a gama ba, sai ma tauraronsa ya ƙara haske. To me ya hana kunne juyawa a lokacin, me kuma ya juya shi daga baya, alhali faifan bai ƙaru da ko harafi ɗaya ba?

Labarin da shi ya bayar

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka da can mutane na jin waƙoƙin ne tsurarsu, sai daga baya rayuwar mawaƙin ta kutso ta gurɓata su. Ba haka ba ne. Tun fil azal da labari ake jin su. Bambancin kawai, a lokacin shi ne mai ba da labarin.

Labarin kuwa mai taɓa zuciya ne. An haife shi ranar 8 ga Janairun 1967 a kudancin Shikago, unguwannin baƙar fata marasa ƙarfi. Uwa ce ta rene shi, uba ba ya nan. Karatu ya gagare shi, har ya girma bai iya karanta rubutu sosai ba, shi da bakinsa ya sha faɗa. Malamar kiɗa a makarantarsu, Lena McLin, ita ta gano baiwarsa. Ya yi waƙa a tashoshin jirgin ƙasa ana jefa masa 'yan canji. Mahaifiyarsa ta rasu a 1993, daidai lokacin da sunansa ya fara fita. Muryarsa ta coci ce, irin wadda ke rawa kamar mai roƙon gafara, amma rabin waƙoƙinsa na ɗakin kwana ne. Masoyansa suka fassara wannan da cewa bawan Allah ne mai kokawa da zuciyarsa, yau ya faɗi, gobe ya tuba. Wa ke ƙin mai tuba?

A 1996 ya fitar da "I Believe I Can Fly", waƙar mutumin da ya yanke ƙauna sannan ya sake yarda cewa zai iya tashi sama. Don fim ɗin yara aka yi ta, ta ci lambobin Grammy 3 a 1998, ta kuma bar hannunsa ta shiga hannun jama'a. Ɗalibai na rera ta ranar yaye su, mawaƙan coci na rera ta, ana sa ta wurin makoki. Duk mai jin ta yana jin yaron nan na tashar jirgi da ya zama wani abu. Rayuwarsa ce ta ba waƙar nauyi. Wanda ya ce a yau a raba waƙa da mawaƙinta, ya tuna cewa lokacin da labarin ke da daɗi babu wanda ya nemi a raba.

Shekarun kunnen uwar shegu

A Disambar 2000 jaridar Chicago Sun-Times ta buga binciken wasu 'yan jarida biyu, Jim DeRogatis da Abdon Pallasch, wanda ya nuna Kelly na amfani da sunansa yana jawo 'yan mata masu ƙananan shekaru, kuma an taɓa kai shi ƙara a kan haka aka sasanta da kuɗi. A Fabrairun 2002 wani da bai bayyana kansa ba ya aika wa DeRogatis kaset ɗin bidiyo da aka ce yana nuna Kelly yana lalata da wata yarinya, jaridar ta miƙa wa 'yan sanda. A ranar da labarin ya fita, Kelly yana birnin Salt Lake yana waƙa a bikin buɗe gasar Olamfik ta hunturu. A watan Yuni aka gurfanar da shi bisa tuhuma 21 na ɗaukar hoton batsa da yarinya.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan nazari. A farkon 2003, yana kan beli, ya fitar da sabon kundi, ya hau matsayi na ɗaya a Amurka a makon farko. Waƙarsa ta rawa "Ignition" ta zama ta ɗaya a Birtaniya, ta biyu a Amurka. Kaset ɗin da ake shari'a a kansa kuwa 'yan kasuwar bayan fage na sayar da kwafinsa a titi, masu barkwanci na talabijin suka mai da shi abin dariya. Wannan dariyar ta yi ɓarna mai yawa, domin abin da aka yi wa dariya ya daina ba da tsoro. Aka manta cewa akwai yarinya a cikin hoton, aka riƙa tuna shi a matsayin abin kunyar wani tauraro.

Shari'ar ta yi ta jan ƙafa har shekara 6. Yarinyar ba ta zo kotu ba, ita da iyayenta sun musanta cewa ita ce. Ranar 13 ga Yunin 2008 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga tuhuma 14 da suka rage. Daga nan kowa ya samu abin fakewa: kotu ta wanke shi. A 2010 shi ya yi waƙa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. A 2012 ya tsaya gaban gawar Whitney Houston ya rera waƙar da ya rubuta mata. A 2013 Lady Gaga ta yi waƙa tare da shi.

Dalilan wannan shiru ba ɗaya ba ne, kuma ba duka ne na rashin imani ba. Baƙar fatar Amurka na da dogon tarihin ganin an ɗaure mazansu bisa ƙage, don haka idan aka kama wani nasu da ya yi fice, zuciya na saurin cewa makirci ne. Wannan tsoron gaskiya ne, Kelly kuwa ya samu inuwa a ƙarƙashinsa. Sai kuɗi: kamfanin faifai, gidajen rediyo, masu shirya wasa, lauyoyi, kowa na da rabo, yarjejeniyar sulhu kuma kan zo da sharaɗin yin gum. Amma babban dalili shi ne su wane ne aka cuta. 'Yan mata ne baƙar fata, yawancinsu daga gidajen da ba su da mai tsaya musu. DeRogatis ya sha nanata cewa abin da ya koya cikin shekarun nan shi ne babu wanda al'ummarsu ta raina kamar yarinya baƙar fata. Ɗaya daga cikin mutanen da suka wanke Kelly a 2008 ya fito daga baya a gaban kyamara ya ce bai yarda da matan da suka ba da shaida ba saboda shigarsu da ɗabi'unsu ba su yi masa ba. Mai sauraro ya san labarin, amma labarin ba shi da fuska. Abin da ba shi da fuska kuwa ba ya iya tsayawa gaban kiɗa mai daɗi.

Gani ya kori ji

A Yulin 2017 DeRogatis ya sake fitar da wani bincike a shafin labarai na BuzzFeed, inda iyaye ke kukan cewa Kelly ya raba su da 'ya'yansu mata, ya tsare su a gidajensa. A shekarar ne wasu mata biyu a Atlanta, Kenyette Barnes da Oronike Odeleye, suka fara gangamin #MuteRKelly, suna neman gidajen rediyo su daina sa shi, a kuma soke wasanninsa. An soke wasu. A Mayun 2018 Spotify, manhajar sauraron waƙoƙi ta intanet, ta cire shi daga jerin waƙoƙin da take tallata wa mutane, amma ta bar waƙoƙin ga mai nema, bayan 'yan makonni kuma ta janye ƙa'idar da ta dogara da ita saboda surutun da ya taso.

Sai ranakun 3 zuwa 5 ga Janairun 2019, da tashar Lifetime ta nuna shirin "Surviving R. Kelly" mai kashi 6. Wanda ya bi lamarin tun farko bai ji sabon abu mai yawa a ciki ba. Abin da ya gani sabo shi ne fuskoki. Mace ta zauna ita kaɗai a kan kujera, ta fara magana, murya ta sarƙe, ta yi shiru, ta goge ido, ta ci gaba. Ta tashi wata ta zauna, ta faɗi kusan irin abin da ta farko ta faɗa, alhali shekaru sun raba zamaninsu. Ga uwa tana bin otal tana neman 'yarta. Ga tsohuwar matarsa. Ga waɗanda suka yi masa aiki suna cewa sun gani sun kau da kai. Kiɗa da murya yake shiga zuciya, kuma sai da wata muryar ta zo sannan aka samu abin da ya ture tasa.

Cikin makonni komai ya rushe. Kamfanin faifansa, RCA, ya rabu da shi. Lady Gaga ta nemi gafara ta cire waƙarsu daga kasuwa. Mawaƙi Chance the Rapper ya amsa cewa kuskure ya yi da ya yi aiki da shi. A Fabrairu hukumomin Shikago suka tuhume shi da laifi 10. A Maris ya zauna hira da Gayle King ta tashar CBS domin ya wanke kansa. Ana cikin magana ya miƙe tsaye, yana kuka, yana dukan ƙirji, yana ɗaga murya a kan kyamara. Ita kuwa tana zaune ba ta motsa ba, takardunta a cinya, tana kiran sunansa a hankali: Robert. Mutane da yawa a ranar suka fara ganin irin abin da matan ke cewa suna gani idan an rufe ƙofa. Muryar da ke rawa a waƙa kamar ta mai tuba, ga ta tana rawa cikin fushi.

A Yulin 2019 jami'an tarayya suka kama shi, bai sake fita ba. Ranar 27 ga Satumbar 2021 kotun tarayya a Buruklin ta birnin Niyu Yok ta same shi da dukkan laifuka 9, ciki har da jagorantar gungun da ke samo masa mata da yara, da keta dokar Mann ta 1910 wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da mutum domin lalata ta haram. Ranar 29 ga Yunin 2022 Mai shari'a Ann Donnelly ta ɗaure shi shekara 30. Lauyoyinsa sun kawo maganar cewa shi ma an ci zarafinsa yana yaro, abin da ya daɗe yana faɗa. Alƙaliyar ta ce hakan na iya bayyana wani ɓangare na halinsa, amma ba uzuri ba ne. A shari'a ta biyu a Shikago, a 2022, yarinyar kaset ɗin nan ta zo da kanta, tana da shekara 37, aka sakaya sunanta. Ta ce ita ce, kuma shekarunta 14 lokacin da aka ɗauka. Aka same shi da laifi 6 cikin 13. A Fabrairun 2023 aka yanke masa shekara 20, amma 19 daga ciki zai yi su ne tare da waccan, jimla shekara 31. Ya ɗaukaka ƙara bai yi nasara ba, kuma har yau yana musanta laifukan.

Kujerar da babu kowa a kai

Me ya sa wannan ya shafi waƙa fiye da sauran sana'o'i? Idan kafinta ya yi kisa, kujerar da ya ƙera ba ta daina ɗaukar mai zama. Waƙa ba haka take ba, domin kayan aikin mawaƙi jikinsa ne. Numfashinsa kake ji, da rawar maƙogwaronsa, kuma a cikin kunnenka yake magana, wani lokaci kana kwance kai kaɗai cikin dare. Sannan yana cewa "ni", yana cewa "ke".

A cikin kowace waƙar soyayya akwai kujeru biyu da aka bari babu kowa. Namiji mai sauraro kan zauna a kujerar "ni", ya ari bakin mawaƙin ya faɗi abin da ya kasa faɗa. Mace kan zauna a kujerar "ke", ko kuma kowa ya zaunar da wanda yake so a can. Daɗin waƙar a nan yake, ita ce ke ba ka wuri. Abin da shaidun kotu suka yi wa waƙoƙin Kelly shi ne sun cike kujerun. "Ni" ta daina zama kowa, ta koma mutum guda mai suna da lambar fursuna. "Ke" kuma, wadda mai sauraro ya daɗe yana sa wa fuskar matarsa ko budurwarsa, sai ga yarinya 'yar 14 zaune a kai. Babu mai hankalin da zai so ya ari wannan bakin.

Kalma ɗaya ta isa misali. A irin wannan kiɗa na Amurka an saba mace ta kira masoyinta da kalmar Turanci mai ma'anar "baba", wasa ne na masoya, ba wanda ke tsayawa a kai. A kotun Buruklin shaidu suka bayyana cewa doka ce a gidansa a kira shi da wannan sunan, kamar yadda doka ce a nemi izininsa kafin a ci abinci ko a shiga banɗaki, a sa kaya masu faɗi, kada a ɗaga ido a kalli wani namiji. Bayan ka ji wannan, kalmar ba ta sake wucewa ta kunnenka salin alin. Haka laƙabin da ya ba kansa, "Pied Piper", wanda ya fito daga tsohuwar tatsuniyar Jamus ta mai busa sarewa da ya ja yaran gari da kiɗansa ya tafi da su ba a sake ganinsu ba. Shekara da shekaru yana faɗin sunan a bainar jama'a ana tafi.

Ni kaina na san ranar da abin ya same ni. Ina cikin mota ana tafiya, rediyo na yi ƙasa-ƙasa, sai ga farkon wata waƙarsa da na haddace tun ina matashi. Kafin in ankara kaina ya fara kaɗawa, bakina ya kama baitin farko. A baiti na biyu, inda yake lallashi, sai fuskar ɗaya daga cikin matan nan ta faɗo mini, daidai inda ta yi shiru tana neman numfashi. Ban yanke shawarar komai ba, ban tuna wata ƙa'ida ba. Tsigar jikina ce ta tashi, na miƙa hannu na kashe. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne daƙiƙun farko, lokacin da jikina ya amsa da murna. Kiɗan bai lalace ba, gwanintar tana nan yadda take. Da ma a ce ya lalace, da abin ya zo da sauƙi.

Sai dai ba duk waƙoƙin ne suka sauya daidai wa daida ba. Na sha'awa su suka fi mutuwa, domin sun koma kamar iƙirarin mai laifi. Waɗanda ya rubuta wa wasu kuwa kusan ba abin da ya taɓa su. Mai jin "I Look to You" a bakin Whitney Houston, wahalar Whitney yake ji, da faɗuwarta da neman tsirarta, ko da ya san alƙalamin wa ya rubuta. Wannan na nuna cewa murya kunne ke kama wa da laifi, ba sunan da ke cikin takardar mallaka ba.

Mai wuyar ita ce waƙar tashi sama. Babu "ke" a cikinta, babu ɗakin kwana, kuma miliyoyin mutane sun riga sun zuba rayuwarsu a ciki. Matar da aka rera wa ita ranar da ta karɓi shaidar kammala karatu, ko aka sa ta ranar binne mahaifinta, idan ta ji ta ba Kelly take tunawa ba. Ba zan iya ce wa wannan matar ta yi laifi ba, ranar tata ce, ba tasa ba. Amma akwai wani gefen da ba na iya kau da kai daga gare shi. Wannan waƙar ita ce rigar mutuncinsa. Ita ta shigar da shi makarantu da coci-coci, ita ta sa uwa ta ga ba komai idan 'yarta mai son zama mawaƙiya ta je wurinsa. Waƙoƙin batsa ba su yaudari kowa ba. Mai tsabtar ce ta buɗe ƙofofi. Don haka a ganina akwai bambanci tsakanin mutum ya ji ta shi kaɗai yana tuna mahaifinsa, da a tara yara a dandali a sa su rera ta. Na farko tsakaninsa da zuciyarsa ne. Na biyu karramawa ce, kuma wataƙila a cikin taron akwai wadda irin wannan ya taɓa faruwa da ita, tana kallon manya na tafi.

Alƙaluman da ke rikita mutane

Akwai abin da masu cewa "ba abin da ya canza" ke kafa hujja da shi. A kwanakin da aka nuna shirin na 2019, sauraron waƙoƙinsa ta intanet a Amurka ya ninka, har da ɗoriya. Bayan hukuncin 2021 ma cinikin kundayensa ya ƙaru da fiye da kashi 500 cikin 100 a mako guda. Gaskiya ne, amma na'ura dannawa take ƙirgawa, ba ta san da wane kunne aka ji ba. Wani ya koma ne yana bin baitoci ɗaya bayan ɗaya kamar mai binciken laifi, yana cewa ashe ya faɗa mana tun tuni. Wani yaro ne da bai taɓa jin sunan ba sai a labarai. Wani tsoro yake kada a goge waƙoƙin, kamar yadda YouTube ta rufe tashoshinsa biyu a Oktoban 2021. Wani kuma da gayya yake ji, domin har gobe ya yarda sharri aka yi wa gwaninsa, irin waɗanda suka riƙa tsayawa a ƙofar kotu suna sa waƙoƙinsa da ƙarfi. Dukkansu huɗun rayuwar mawaƙin ce ta kai hannunsu ga waƙar, har da mai gayyar. Shi ma ba waƙar 1996 yake ji ba, tutar yaƙi yake ɗagawa.

Maganar kuɗi ma ta ɗan karkace. Hujjar masu ƙaurace masa tun farko ita ce duk dannawa na ƙara masa abin biyan lauyoyi da abin toshe bakin iyaye, kuma a shekarun da yake waje hujja ce mai ƙarfi. A Agustan 2023 kotu ta umarci kamfanin kiɗa na Universal ya miƙa sama da dala 500,000 na kuɗin waƙoƙinsa domin biyan tara da diyyar waɗanda ya cuta. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin lasisin komawa sauraro da kwanciyar rai. Ban ga haka ba. Diyya bashi ce da ke kansa, ko an saurara ko ba a saurara ba.

Inda lamarin ya fi tsaya mini a rai shi ne inda na fara. Aaliyah ta rabu da shi, ta yi manyan kundaye biyu da wasu masu kiɗa, ta rasu a haɗarin jirgin sama a Bahamas ranar 25 ga Agustan 2001 tana da shekara 22, ba ta taɓa zama ta ba duniya labarin abin da ya faru ba. Shekara 20 cif bayan rasuwarta, a watan da masoyanta ke juyayin cikar shekarun, ana Buruklin ana ambatonta a matsayin ta farko a jerin waɗanda aka cuta. Tsohon manajan tafiye-tafiyen Kelly ya shaida cewa shi ya ba wani ma'aikacin gwamnati cin hancin dala 500 aka yi mata katin shaida na bogi. Malamin cocin da ya ɗaura auren ya ce abin bai wuce kamar minti 10 ba.

Kundinta na farko yana nan. Muryar tata ce, siririya, mai sanyi, ta yarinyar da ba ta gama makaranta ba. Kalmomin nasa ne. Shi ya rubuta wa yarinya baitocin da ke roƙon babban namiji kada ya damu da shekarunta, ya sa ta tsaya gaban makirufo ta rera, duniya ta saya. Ba yadda za ka yi ka kashe muryarsa a wannan faifan ba tare da ka kashe tata ba, ba kuma yadda za ka ji tata ba tare da ka ji abin da aka sa a bakinta ba. Akwai waƙa ɗaya a ciki da ba shi ya rubuta ba, "At Your Best", tsohuwar waƙar Isley Brothers ce ta 1976. Tana buɗe ta da muryarta ita kaɗai, babu ganga babu jita, na 'yan daƙiƙu. Ita kaɗai nake iya kaiwa ƙarshe a kundin, ko da yake na san lokacin da take rerawa yana zaune a ɗaya gefen gilashin, hannunsa a kan na'ura.